Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin da Ke Tayar wa Masu Ciwon Mantuwa Hankali

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba, da sauran 'yan'uwa na ƙasar Zuru baki ɗaya, daga Fakai har Danko-Wasagu, da maƙwabtanmu na Rijau a jihar Neja. Sharhinmu na yau a kan iyayenmu da kakanninmu ne waɗanda ciwon mantuwa ya kama, da abubuwan da ke jefa su cikin kuka da tsoro da fushi.

Da wuya a sami unguwar da ba a san irin wannan gida ba. Tsohuwar da ta aurar da 'ya'ya da jikoki, yau ita ce ke ƙulle kayanta a zane, ta tsaya bakin ƙofa tana cewa sai an mayar da ita gida, alhali a ɗakinta take. Dattijon da ake kai wa ƙara ya raba gardamar gona, yau shi ne ke rantsuwa jikansa ya ɗauke masa kuɗi. Mu kuma abin da muke faɗi sananne ne: "Ai tsufa ne." "Gigi ne, ƙyale ta." "Baba ya rikice." Da zarar an faɗi haka an rufe magana, ba mai ƙara tambayar abin da ke damunsa.

Tsufa kaɗai ba ya kawo wannan. A ƙasar nan akwai 'yan shekara 90 da za su lissafa maka iyakar kowace gona da sunan wanda ya fara share ta. Ciwon mantuwa cuta ce da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya yi bayanin nau'inta mafi yawa a shekarar 1906, shi ya sa ake kiran wannan nau'i da sunansa. Akwai kuma wanda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke haifarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 55 ke fama da ciwon a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, kuma duk shekara ana samun ƙarin kusan miliyan 10. A nan Arewa, wani bincike da aka yi a Zariya aka wallafa a 2011 ya gano ciwon a jikin kusan 3 cikin kowane tsofaffi 100. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da shi ba. Amma tashin hankalin da ke tare da shi yana da dalilai, kuma da yawa daga cikinsu a hannunmu suke. Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.

Kafin mu shiga dalilan, akwai abu guda da ya kamata kowane gida ya riƙe. A 2014 masana a Jami'ar Iowa ta Amurka sun nuna wa masu wannan ciwo su 17 wasu finafinai, na ban tausayi da na ban dariya. Bayan 'yan mintoci aka tambaye su abin da suka gani. Mafi yawansu kaɗan suka tuna, ɗaya daga cikinsu ma bai tuna an nuna masa komai ba. Amma baƙin cikin ko farin cikin da fim ɗin ya sa musu ya zauna tare da su har kusan rabin awa. Kamar murhu ne: an janye itace, wuta ta mutu, amma tukunya na nan da zafinta. Wato idan ka daka wa Kaka tsawa da hantsi, kafin azahar ta manta wa ya yi mata, ta manta me aka ce, amma ƙuncin yana nan a ƙirjinta, kuma ba ta san inda ya fito ba. Haka idan ka zauna kusa da ita ka riƙe hannunta kuka yi hira. Za ta manta ka zo, amma daɗin zuwanka zai saura tare da ita. Masu cewa "to me zan je yi, ai ba ta gane ni", su ji wannan da kyau.

Dalili na farko da ya kamata a fara dubawa shi ne jiki. Mai lafiyar ƙwaƙwalwa idan haƙori ya dame shi zai ce haƙorina. Wanda kalmomi suka guje masa ba shi da hanyar faɗi sai nishi, da ture kwano, da kai duka idan an taɓa shi. Mutumin da ya yi shekara 50 yana duƙe da fartanya a gonar dawa, ko matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana daka da ɗauko itace, ba za a rasa ciwon baya da gwiwa a jikinsu ba. Ga taurin bayan gida, ga fitsarin da ya ƙi fita musamman ga maza tsofaffi, ga gyambon kwanciya, ga ƙishirwar bazara ga wanda ya manta yadda ake neman ruwa. A ƙasar Norwe an yi gwaji da tsofaffi 352 masu ciwon mantuwa da ke yawan tayar da hankali, aka wallafa sakamakonsa a 2011. An riƙa ba wasunsu maganin ciwon jiki a kai a kai har mako 8, galibi farasitamol, sai tashin hankalinsu ya ragu da kusan kashi 17 cikin 100. Da aka daina ba su, ya dawo. Ashe ciwo ne yake sa da yawansu ihu. Wannan ba izini ba ne kowa ya shiga kemis ya sayo. Ma'aikacin lafiya ne zai duba ya faɗi adadi. Sannan a kula: idan tsoho ya rikice farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, fiye da yadda aka saba ganinsa, ko barci ya yi masa yawa, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki. Wannan na asibiti ne a ranar, kuma yana jin magani.

Dalili na biyu shi ne sauyin wuri, kuma a nan ne ƙasarmu ta fi jin jiki. Mai ciwon mantuwa da ƙafa da ido yake rayuwa, da abin da suka saba. Ya san taku nawa ne daga ɗakinsa zuwa bayan gida, ya san inuwar da yake zama da hantsi, ya san muryar ladanin unguwarsu ko ƙararrawar cocinsu. Waɗannan su ke riƙe da shi bayan tunani ya yi rauni. To, shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Sakaba da Danko-Wasagu. Ba mu manta da watan Maris na 2022 ba, lokacin da aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a wannan yanki aka rasa rayuka fiye da 50. Iyalai sun gudo Dirin Daji, wasu Zuru, wasu Rijau da Kwantagora, sun raɓa a gidajen 'yan'uwa. A cikinsu akwai tsofaffin da aka goyo a baya ko aka ɗora a babur cikin dare. Kai ka san dalilin gudun. Tsohuwar kuwa ta manta. Duk safiya tana farkawa a ɗakin da ba ta sani ba, cikin mutanen da ba ta sani ba, sai ta ce a kai ta gida. Ko a gidanta na asali ma takan faɗi haka, domin gidan da take nufi na shekarun baya ne, inda mahaifiyarta ke raye kuma ta san aikin da ke jiranta. Abin da take nema shi ne natsuwa. Idan dole ta sa an sauya mata wuri, a taho da abin da hannunta ya sani: tabarmarta, butarta, carbinta, ƙwaryar da take shan fura. A shimfiɗa mata kamar yadda ta saba, kuma mutum ɗaya ko biyu su zama su ne kullum a kanta.

Rashin tsaron nan yana taɓa tsofaffi ta wata hanyar kuma. Ƙasar Zuru ƙasar sojoji ce, kowa ya san haka. Akwai dattawan da suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, akwai waɗanda suka je Laberiya da Saliyo. Wannan ciwo yakan fara cinye abin da ya faru jiya, ya bar na shekara 50 da suka wuce. Tsohon soja da ya ji ƙarar bindiga daga daji, ko ma fashewar salansar babur, yana iya komawa fagen daga a ransa, ya nemi wurin ɓuya ko ya tashi mutanen gida. Tsoronsa na gaske ne. Murya mai sanyi da fuskar da ya sani za su dawo da shi, ihu da riƙe shi da ƙarfi kuwa ƙara masa za su yi.

Na uku, almuru. Gidaje da yawa sun lura cewa da rana ta yi gora sai tsoho ya fara zirga-zirga da ƙorafi, har wasu su ce iskokin magariba ne. Likitoci sun san wannan hali a ko'ina cikin duniya. Ƙwaƙwalwar ta gaji da aikin yini, ciwon ya dagula mata lissafin dare da rana, haske ya ragu, inuwa ta yi tsawo. Idan aka haɗa da yanar ido, rigar da aka rataye a ƙusa sai ta zama mutum a tsaye. Idan kunne ya yi nauyi, hirar da ake yi a tsakar gida sai ta zama raɗa, ya ɗauka da shi ake. Ga shi kuma lokacin ne da gida ya fi hayaniya: yara sun dawo, ana rabon tuwo, rediyo na yi, babur na shigowa. Kuma a tuna, shekara da shekaru a daidai wannan lokaci ne tsohon yake koro shanu, tsohuwar kuma take ɗora tukunya. Jikinsu yana gaya musu akwai aikin da ba a yi ba. A kunna fitila tun kafin duhu ya shiga, a rage surutu kusa da su, a ba hannunsu abin yi. A kai su a duba ido da kunne, domin aikin yanar ido ƙaramin aiki ne da ke mayar wa tsoho da rabin duniyarsa.

Na huɗu ya shafe mu ƙwarai a wannan yanki mai harsuna da yawa. A kasuwar Dirin Daji da Hausa ake ciniki, amma Badakkare da Badukke da Bakambare da Ba'acife da Bafulatani kowa da harshen da aka yi masa reno da shi. Masu wannan ciwo sukan rasa harshen da suka koya daga baya, su koma na goyo. Dattijon da ya yi aiki a Kaduna shekara 30 da Hausa da Turanci, sai a wayi gari Dakarci kawai yake yi. Jikokin da aka haifa a birni ba sa ji, sai su ce Kaka na sambatu. Shi kuwa ruwa yake roƙo, ko yana cewa cikinsa na ciwo, kuma ba mai amsa masa. A nemo wanda ke jin harshen ya riƙa zama da shi. Waƙoƙin da ya yi a gona zamanin gwalmo, wato noman neman aure, kiɗan bikin Uhola, karatun allo da ya haddace yana yaro, waƙoƙin coci, duk suna cikin abubuwan da ke daɗewa ba su goge ba, kuma suna kwantar masa da rai.

Yanzu mu zo kan dalilin da ya fi nauyin faɗi, wato mu da kanmu. Yawancinmu da kyakkyawar niyya muke yi. Baƙo ya shigo, sai a ce: "Inna, kin gane wannan? Faɗi sunansa mana." Jarrabawa ce aka ɗora mata a gaban jama'a, ta san ya kamata ta sani, ta kasa, kunya ta rufe ta. Ya fi kyau baƙon ya durƙusa ya ce: "Inna, ni ne wane, ɗan ƙanenki, na zo gaishe ki." Ko ta tambayi ina maigidanta, sai a ce: "Haba Inna, ai ya rasu shekara 10 ke nan." A wurinta yanzu ta ji rasuwar, sabuwa fil, kuma gobe za a sake gaya mata. Ana iya amsa mata ba tare da ƙarya ba: "Kina kewarsa ko? Ba ni labarin yadda kuka haɗu." Idan Baba ya ce an sace masa kuɗi, ya ajiye ne ya manta, kuma ƙwaƙwalwarsa ta cike gurbin da abin da ya fi sauƙin fahimta. Rantsuwa da gardama ba za su gamsar da shi ba. A ce masa: "Baba, zo mu duba tare." Yawanci wurin ɓoyonsa ɗaya ne ko biyu.

Akwai kuma ƙwace musu girma. Mutumin da da ba a yanke magana a gidan sai da shi, yanzu ana zancensa a gabansa kamar ba ya wurin. An hana shi zuwa gona, an karɓe wa tsohuwa muciya, an ce su zauna su huta. Zaman banza daga safe har dare yana cin rai. Tana iya ɓare gyaɗa, tana iya tsince wake, yana iya murza igiya ko ba awaki dusa, ko da aikin bai yi kyau ba. Sannan batun kunya. Tsohon da bai taɓa cire hula gaban surukarsa ba, yau ita ce ta zo za ta tuɓe shi ta yi masa wanka, kuma bai ma gane ta ba. Dole ya yi faɗa. A bar namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, a rufe jiki da zane, a faɗa masa abin da za a yi kafin a taɓa shi, ruwan kuma ya zama mai ɗumi lokacin hunturu. Idan fitsari ya kuɓuce masa, a gyara shiru ba tare da shela ba.

Haka batun ibada. Za ka ga tsohuwa ta yi sallar azahar sau uku, ko ta rasa raka'a nawa ta yi, sai wani ya ce mata sallarta ba ta yi ba. Wannan magana tana iya hana ta barci. Malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifin abin da ya kuɓuce masa. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda mutum ke kai shekarun da saninsa ke guje masa. Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa ga iyayen da suka tsufa a hannunka. 'Yan'uwa Kirista kuma sun san girmama uwa da uba yana cikin Dokoki Goma. A tsaya kusa da ita a yi sallar tare, ta bi.

Mafi muni shi ne zargin maita. Tsohuwar da ta fita cikin dare ta ɓata, aka gan ta a bayan gidan wani ba mayafi, tana kiran sunayen matattu, aka tambaye ta "ke ce kika kama yaron nan?" ta ce e, domin ba ta fahimci tambayar ba. Irin wannan amsa ta jawo wa tsofaffi duka da kora, har da kisa, a sassan Afirka da dama. A arewacin Gana akwai sansani a Gambaga inda matan da aka kora da wannan zargi ke zaune. A Yulin 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin yin Allah wadai da cutar da mutane saboda zargin maita. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, limamai da fastoci, wannan aikinku ne. Idan aka tsinci tsoho yana yawo a ruɗe, mara lafiya ne, a ba shi ruwa a nemi danginsa.

Ba za mu yi adalci ba idan muka manta da mai jinya. Galibi mace ɗaya ce, 'ya ko suruka, ga yara, ga girki, ga gona, ga rashin barci. Wadda ta kwana uku ba ta runtsa ba dole muryarta ta yi kaushi, kuma mai ciwon mantuwa ya fi kowa saurin karanta fuska da murya ko da bai gane kalmomi ba. Gajiyarta tana komawa kansa, tashin hankalinsa yana komowa kanta. Daga nan ne ake kaiwa ga kulle tsoho a ɗaki, ko ɗaure shi, ko sayo maganin barci a kasuwa. Waɗannan magunguna suna kayar da tsofaffi su karye, suna ƙara musu ruɗewa. Tun 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu magungunan taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Likita ne kaɗai zai auna ya bayar, idan ya zama dole. 'Ya'ya maza da ke Abuja da Legas, turo kuɗi yana da kyau, amma ku tsara yadda za a riƙa karɓar 'yar'uwarku ta sami kwana ɗaya ta yi barci.

Hukuma ma da nata. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Akwai kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da ta fara aiki a 2021. Amma daga Dirin Daji zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, ko asibitin koyarwa na Birnin Kebbi, tafiya ce mai nisa da tsada ga tsohon da sauyin wuri kaɗai ke firgita shi. Abin da muke roƙo daga gwamnatin jihar Kebbi da ƙaramar hukumar Sakaba bai fi ƙarfinsu ba: a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane wannan ciwo, su iya binciken ciwon jiki ga wanda ba ya iya faɗi, su riƙa auna hawan jini kyauta ranar kasuwa, sannan idan ana rabon tallafi ga 'yan gudun hijira a ƙirga tsofaffi marasa lafiya da masu jinyarsu. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da masu wannan ciwo a duniya. Ya dace a ji huɗuba da wa'azi a kansa a masallatai da coci-cocinmu.

Masu sauraro, daga yau idan tsohon gidanku ya tayar da hankali, kafin kowa ya ce gigi ne, a yi tambayoyi huɗu. Akwai inda ke masa ciwo, ko yunwa, ko ƙishirwa, ko matsuwar fitsari? Me ya sauya a wurin da yake? Me aka ce masa, ko aka yi masa, ɗazu? Me yake nema da bakinsa ya kasa faɗi? Sau da yawa amsar tana cikin ɗaya daga ciki, kuma mutanen gida ne suka fi kowane likita sanin tarihin da zai kai ga gano ta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zuru, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.